Takarda, Figma ko manhaja mai aiki: da wanne za ka shiga kasuwa gwaji?

Yawancin matasan da suka koyi zanen fuskar manhaja a 'yan shekarun nan, ko ta shirin 3MTT da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023, ko a cibiyoyi irin nHub a nan Jos, ko a YouTube da datar tsakar dare, hanya ɗaya aka ɗora su a kai. A buɗe Figma, wato manhajar da ake yin wannan zane da ita, a zana shafuka masu ɗaukar ido, a ɗaure su da juna yadda in an taɓa wannan zai kai ka wancan, sannan a tura wa mai aiki ya gani ya ce madalla. To amma ba don madalla ake yin samfuri ba. Ana yin sa ne don a ga inda mai amfani zai tsaya yana zare ido, tun kafin a zuba kuɗi a ginin manhajar. Hanyoyin kuwa uku ne: a zana a takarda, a yi wanda ake dannawa a Figma ko 'yan uwanta, ko a rubuta ƙaramar manhaja ta gaske a sa a waya. Kowace akwai tambayar da take iya amsawa, akwai kuma wadda ko kwana aka yi ana gwaji ba za ta amsa ba.

Don kada maganar ta tsaya a sama, mu ɗauki aiki ɗaya. A ce an ba ka kwangilar manhajar da dillalan kayan gwari na kasuwar Farin Gada za su riƙa rubuta cinikinsu a ciki: buhun kabeji nawa aka sauke, karas da koren tattasai nawa, dankalin Turawa nawa ya zo daga Bokkos ko Mangu, wa ya ɗauka, nawa ya bayar, nawa ya rage. A yanzu rabin wannan lissafi yana cikin wani littafi da ya sha hannu, rabin kuma yana cikin kan Alhaji.

Samfurin takarda ba ya son komai sai kwali, almakashi da alƙalami mai kaurin baki. Ka yanka kwalin daidai girman waya, kowane shafi na manhajar a takardarsa daban, maɓallai a zana su manya, rubutu da hannu. Mutum uku ke yin gwajin: ɗaya yana magana da wanda ake gwaji da shi, ɗaya yana zaman kwamfuta, wato in an taɓa maɓalli da yatsa shi ne zai janye wannan takarda ya ɗora ta gaba, bakinsa a rufe, na uku kuma yana rubuta abin da ya gani. Ba a cewa mutum ya duba ya faɗi ra'ayinsa. Aiki ake ba shi.

Ga irin yadda zaman kan kasance. Ka gaisa da dillali, ka tambayi kasuwa da iyali, sannan ka ajiye kwalin a kan benci ka ce: "Alhaji, a ce wani ya ɗauki buhu goma na kabeji zai kai Abuja, ya ba da rabin kuɗi, ciko sai ya dawo. Nuna mini yadda za ka rubuta shi a nan." Ya taɓa "Sabon ciniki", a sauya takarda. Ya ga gurbin sunan mai saye, gurbin kaya, gurbin kuɗi. Sai ya ɗaga kai ya ce: "To ɗana, ina zan sa sunan mai kayan? Ai kabejin ba nawa ba ne. Kuma la'adata fa, da kuɗin 'yan dako?" Nan take ka gane cewa ka zana manhajar mai shago, mai saye da mai sayarwa kawai, alhali dillali tsakanin mutum biyu yake tsaye, yana bin wannan bashi, wancan yana bin sa. A takarda gyaran minti biyu ne: ka ja layi, ka ƙara gurbi, ka sake ajiye masa a zaman nan. Da a ce manhaja ce da aka riga aka rubuta, sai an warware yadda aka tsara rumbun bayanan tun daga tushe.

Wannan shi ne ƙarfin takarda, kuma ba ƙarami ba ne. Ita ke nuna ko ka fahimci sana'ar mutanen, ko matakan sun bi yadda suke tunani, ko kalmomin da ka sa a maɓallai su ne suke faɗa a bakinsu. Mai ganin kamar takarda aikin wanda bai da kayan aiki ne ya san cewa tun 1996 Robert Virzi da abokan aikinsa suka kwatanta samfurin da aka yi a sauƙaƙe da wanda ya yi kama da na ƙarshe, suka tarar kusan matsaloli iri ɗaya ake ganowa da su.

Akwai wata fa'ida da ta fi shafar mu. Mutanenmu suna da kara. In ka miƙa wa dattijo waya mai zane mai sheƙi ka ce kai ka yi, ba zai kushe ba, sai dai ya ce "Ma sha Allah, Allah ya ƙara basira," ko da bai gane komai ba. Ba mu kaɗai ba ne. A wani bincike da aka wallafa a 2012, Nicola Dell da Indrani Medhi da wasu abokan bincikensu sun yi hirarraki 450 a Bangalore ta Indiya, da direbobin keke mai ƙafa uku da ɗaliban jami'a. Sun nuna wa mutane abu biyu iri ɗaya sak, suna cewa ɗaya nasu ne, sai zaɓen na mai tambayar ya ninka kusan sau biyu da rabi. Da mai tambayar ya zama baƙo daga ƙasar waje mai magana ta bakin tafinta, sai ya kai sau biyar. Zanen hannu a kwali yana rage wannan nauyin. Kowa ya gan shi ya san ba a gama ba, kuma mutum ya fi sakin baki a kan abin da bai ga alamar an sha wahala a kansa ba. Wani ma karɓar alƙalamin zai yi ya gyara maka da kansa.

Inda takarda ta gaza a fili yake. Ba ta nuna ja sama da ja ƙasa, ba ta nuna saurin waya ko nawarta, ba ta nuna ko rubutu zai karantu a rana. Wasu kuma, musamman waɗanda ba su saba da babbar waya ba, sai an ɗan ɗauki lokaci kafin su yarda cewa wannan kwalin shi ne fuskar waya. Wani babban ɗan kasuwa zai iya ɗaukar abin a matsayin wasan yara ya ga an raina shi, don haka bayanin farko yana da muhimmanci: ka faɗa masa kai tsaye cewa ba ka son kashe kuɗin mutane kafin ka ji daga bakin masu sana'ar.

Figma ta fito ga jama'a a 2016, a cikin burauza take aiki, shi ya sa ba ruwanta da ko kwamfutarka Windows ce ko Mac. Ta yi ƙarfin da a 2022 Adobe ya nemi sayenta a kan dala biliyan 20, cinikin ya rushe a ƙarshen 2023 saboda hukumomin gasa na Turai da Birtaniya. Abokan hamayyarta na da sun ja baya: Adobe XD an daina ƙara masa sababbin abubuwa, InVision ya rufe a ƙarshen 2024, Sketch kuma editansa na Mac ne. Wanda ba ya son biyan dala yana da Penpot, na wani kamfanin Sifaniya, kyauta ne kuma a buɗe yake, har ana iya ɗora shi a sabar mutum. Figma ma tana da tsarin kyauta mai iyaka, ɗalibai da malamai kuma suna iya neman na ilimi.

Abin da irin wannan samfuri ke ba ka shi ne ido da yatsa. Za ka ga zanen a ainihin girmansa a waya. Ƙa'idar Google ta ce wurin taɓawa kada ya gaza 48dp, kusan milimita tara ke nan, kuma sai ka ga babban yatsan mutumin da ya wuni yana ɗaga buhu yana neman ƙaramin maɓalli za ka san dalilin ƙa'idar. Ƙa'idar WCAG, wadda ta shafi sauƙaƙa wa kowa amfani da shafukan intanet, ta ce bambancin hasken rubutu da bayansa ya kai 4.5 bisa 1. Rubutun nan mai ruwan toka a kan fari da masu zane ke so, ka fita da shi tsakar rana a Farin Gada ka gani, ɓacewa yake yi. A nan ne kuma za ka gane ko salon haruffan da ka zaɓa yana da ɓ da ɗ da ƙ, don da yawa ba su da su, sai ka ga harafin ya fito da wata siffa daban a tsakiyar kalma ko ya zama ɗan akwati. Dangin haruffan Noto na Google suna da su. Sannan Figma ce harshen da mai biyan kuɗi da mai rubuta manhaja suke ji. In kana neman mai zuba jari ko amincewar shugabannin ƙungiyar 'yan kasuwa, kwali ba zai yi maka wannan aikin ba.

Sai dai a ganina an cika dogaro da ita, kuma ga manhaja irin ta dillalan nan ita ce mafi ƙarancin amsa tambayoyi masu nauyi. Na farko, ba a iya rubutu a gurbi da allon rubutun waya kamar yadda ake yi a manhaja ta gaske. Mutum zai taɓa gurbin kuɗi, lambar da ka riga ka shirya ta faɗo da kanta. Alhali rabin aikin manhajar nan shigar da lambobi ne. Tun 2023 ana iya haɗa ɗan lissafi da sharuɗɗa a samfurin Figma, amma a tsarin biya, kuma ɗaure-ɗauren yakan ci lokacin da ya isa a rubuta abin da gaske. Wasu manhajojin yin samfuri irin ProtoPie da Axure suna karɓar rubutu, sai dai wani koyon ne daban da wani kuɗin. Na biyu, hanyar da ka ɗaure kawai take bi. Wanda ya kauce ya taɓa wani wuri, babu abin da zai faru, sai ma wuraren da ake dannawa su yi walƙiyar shuɗi su nuna masa amsa. In ba ka kashe wannan alamar ba kafin gwaji, to satar amsa ka ba shi. Na uku, tana son intanet. Samfuri mai hotuna da yawa yakan daɗe yana juyawa a ƙaramar waya, kuma mutumin da ke da ciniki a gabansa ba zai zauna jiran ka ba. Ka buɗe shi tun daga gida a wayarka, ka zo da caji cike.

A nan ne matsalar take ɓuya: gwajin a wayarka aka yi, ba a tasa ba.

Manhaja mai aiki ita ce ta uku, kuma ba ana nufin a gina komai ba. Shafi uku ko huɗu da suka fi muhimmanci, a rubuta su da kayan gina manhajar waya irin Flutter, wadda Google ya fitar da cikakkiyar sigarta ta farko a Disambar 2018, ko da React Native, a fitar da fayil ɗin APK, wato wanda ake sa manhajar da shi a wayar Android, a tura wa mutum ta WhatsApp ko Xender. Yanzu gwaji ya koma kan itel ko Tecno ɗin Alhaji, mai tsagaggen gilashi, wadda ma'ajiyarta ta cika da saƙonnin murya da bidiyon wa'azi, wadda jikansa ya ƙara masa girman rubutu har ƙarshe. Abubuwan da za su fito nan, ba takarda ba Figma da za ta nuna su. Allon rubutu ya taso ya rufe maɓallin "Ajiye". An ƙara girman rubutu, sunan mai bashi ya ture adadin kuɗin daga shafi. Sabis ya yi ƙasa, ya danna "Ajiye" bai ga komai ba, ya sake dannawa, bashi ɗaya ya shiga sau biyu. Ya so rubuta 150,000 ya rubuta 15000 saboda babu waƙafi mai raba sifirai yayin da yake bugawa. Wannan na ƙarshe, a harkar kuɗi, shi ke raba aminai.

Ita kaɗai ce kuma za ka iya barin ta a hannun mutum mako guda ka dawo ka ga ko ya ci gaba da amfani da ita ko ya koma littafinsa. Babu zaman rabin awa da zai gaya maka wannan.

Tsadarta lokaci ne da kuɗin mai rubutawa, da wani abu da ba a cika faɗa ba: wanda ya yi makonni yana rubuta abu ba ya son jin cewa a rushe. Sai ya fara kare aikinsa, ya ce mutanen ne ba su waye ba. Wanda ya ba ka kwangilar kuma in ya ga abu yana aiki a waya sai ya ce a sake shi haka, alhali ginin gwaji ne, ba tsaro ba ajiyar kirki. Kayan ƙirƙirarriyar basira da ke rubuta manhaja daga bayanin baki sun rage kuɗin wannan mataki ƙwarai, amma ba su san dillali yana cire la'ada ba sai ka gaya musu, kai kuma ba za ka sani ba sai ka zauna da shi. Tela ba ya sa almakashi a shadda mai tsada kafin ya auna mai kaya.

Wani abin lura ga mai shirin kai manhaja Play Store da sabon asusu na ƙashin kansa: Google yana buƙatar a yi rufaffen gwaji da aƙalla mutum 12 na kwana 14 a jere kafin a nemi izinin sakinta ga kowa. Tunda dole ne, gara a cika gurbin da masu sana'ar maimakon abokan ajinka.

Ko wanne ka zaɓa, yadda aka yi gwajin ya fi kayan gwajin tasiri. Akwai dandamali irin Maze da ke haɗuwa da Figma: ka tura mahaɗi, mutane su yi aikin su kaɗai, ka samu alƙaluman inda suka danna. Ga manhajar ɗaliban Jami'ar Jos ko ma'aikatan banki, wannan ya yi daidai, da sauri da arha. Ga Farin Gada kuwa a manta da shi. Wanda zai buɗe mahaɗin ya karanta umarni ya bi shi kaɗai, ba shi ne mutumin da kake tsoron zai maƙale ba. Sai an je gaba da gaba, kuma ba da safe ba lokacin da motoci ke sauke kaya. Bayan azahar, in kasuwa ta lafa.

Mutum nawa? Jakob Nielsen da Thomas Landauer sun yi lissafi a 1993 cewa mutum ɗaya yakan bankaɗo kusan kashi 31 cikin ɗari na matsalolin sauƙin amfani, biyar kuma kusan kashi 85. Daga nan shawarar Nielsen ta shekarar 2000 ta fito: maimakon zama ɗaya da mutum 15, a yi zagaye uku da biyar-biyar, ana gyara a tsakani. Amma sharaɗin shi ne mutanen su zama iri ɗaya. A kasuwar nan ba iri ɗaya ba ne. Akwai Alhaji, akwai yaronsa wanda a zahiri shi ke riƙe littafi kuma shi zai riƙe wayar, akwai manomin Mangu da ke jin Hausa sarai amma ya fi karanta Turanci, akwai dattijon da ya fi sakewa da ajami a kan boko, akwai matan da ke sarar kwando su kasa. Kowane rukuni yana son uku ko huɗu nasa. In gwajin zai kai ka wurin matan da ke sana'a a cikin gida, mace ce za ta shiga ta yi shi.

Littattafan sana'ar suna cewa a roƙi mutum ya riƙa faɗin abin da ke ransa yayin da yake dannawa. Dattijo ba zai zauna yana surutu shi kaɗai a gaban yaro ba. Abin da ya fi aiki shi ne a haɗa mutum biyu da suka saba, waya ɗaya a tsakaninsu. Gardamarsu, "a'a, nan za ka taɓa", "ina, wancan na mai kaya ne", ita ce tunanin da kake nema. Kai kuma ka kame bakinka. In ya tambaye ka "nan ne?", ka ce "Me kake gani, Alhaji?" Haka ma ma'aunin SUS da John Brooke ya ƙirƙiro a 1986, tambayoyi goma da mai gwaji ke amsawa kan sauƙin amfani da abin, maki daga 0 zuwa 100, matsakaicinsa wajen 68: yana da amfani in za ka kwatanta siga da siga da mutane masu yawa, amma inda kara ta yi yawa makin yakan kumbura. Ka fi yarda da abin da hannu ya yi. Ya gama aikin ba taimako, ya gama da taimako, ko ya kasa.

In za ka ɗauki murya ko bidiyo, ka nemi izini a sarari, ka faɗi abin da za a yi da shi. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta shafi wannan, ko ba doka ma ladabi ne. Kyamara ta kalli hannu da waya, ba fuska ba, kuma kada a shigar da sunayen masu bashi na gaske. Lokacin ɗan kasuwa kuɗi ne, ka tanadi abin hasafi, ko katin waya ne.

To wanne za ka ɗauka? In har yanzu ba ka zauna da masu sana'ar ba, takarda, babu wata shawara. Zagaye biyu da ita sun isa su daidaita matakai da kalmomi. In manhajar ta kallo da zaɓe ce, kamar jerin kaya da farashi ko neman gidan haya a Rayfield, inda rubutu kaɗan ne, Figma ko Penpot za su kai ka nesa, kana iya jinkirta rubuta manhaja. In kuwa ta shigar da lambobi ce, ko kuɗi na ciki, ko za ta yi aiki inda sabis ke zuwa yana tafiya, to daga takarda ka yi Figma kaɗan, iya abin da mai rubutawa ke buƙata na launi da girma, ka tsallaka zuwa waya ta gaske da wuri. Kuma ka dubi manhajojin da ke wayarsu tuni. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 'yan kasuwa da yawa suka saba da OPay da Moniepoint da PalmPay, yatsunsu sun san inda ake sa kuɗi da inda ake tabbatarwa, ba dalilin sauya musu wuri don kawai a ce ka zo da sabon salo.

Wani lokaci gwajin takardar ma zai nuna maka cewa ba manhaja ake buƙata ba. In rabin mutanen ƙaramar waya mai maɓalli suke riƙe, maganar ta koma USSD, irin lambobin da ake bugawa na banki, inda kowane shafi bai wuce haruffa 182 ba. Shi ma ana gwada shi da kati-kati, kowane kati shafi ɗaya, kana ƙirga haruffa da hannu.

Saura mai kwangilar da ya ce shi dai a nuna masa zane mai launi a makon farko. Ka yi masa shafi biyu ko uku a Figma ya ga kamannin abin, amma ka sa a rubuce a yarjejeniya cewa tsarin matakai ba zai tabbata ba sai bayan zagaye biyu na gwaji, kuma kuɗin mota da na hasafin masu gwaji suna cikin kasafi. In da hali, ka ɗauke shi zuwa zama ɗaya a kasuwa, ka ba shi littafi da biro, ka ce aikinsa rubutawa ne kawai, ban da magana.